Jirgin Gajeren Zango

Mai gadin gidan da na zauna a unguwar Al Thumama Bakano ne, ni kuwa Bazazzagi, don haka tun ranar farko ba mu ɓata lokaci wajen ganin girman juna ba. Na sauko daga tasi da akwatuna biyu, ya ji ina amsa waya da Hausa, ya bari na gama sannan ya tambaye ni daga ina. Da na faɗa masa sai ya gyaɗa kai, ya ce ai ya sani, tun daga nesa ya ga akwatin littattafai ya fi na tufafi girma. Na ce ni ma na san Bakano ne, tunda bai kama mini akwati ba sai da ya tambayi inda na sayo shi. Ya girme ni nesa ba kusa ba, sai nake ce masa Kawu. Shi kuma ya laƙaba mini Dakta tun ban rubuta ko shafin farko na digirin da ya kawo ni Doha ba.

Gidan jerin ɗakunan haya ne a cikin katanga guda, yawancinmu ɗalibai. Wani kamfanin tsaro ne ya ajiye Kawu a 'yar rumfar gilashi a bakin ƙofa, da kujera da fanka da filas ɗin shayinsa. Unguwar ba ta da nisa da filin jirgi, kuma na lura duk lokacin da jirgi ya taso, ko a tsakiyar magana yake, sai ya yi shiru leɓɓansa suna motsi har sai ƙarar ta wuce. Na ɗauka tsoron Allah ne kawai, har ina jin kunyar kaina a gabansa. Daga baya na gane da tsoron Allah a ciki, amma ba shi kaɗai ba ne.

Annobar korona ce ta tona asirin. Aka rufe jami'a, aka ce kowa ya zauna a ɗaki, ba ka shiga ko kantin burodi sai wayarka ta nuna kore, alamar kana da lafiya. Ni ba na iya zama ni kaɗai, bango na ba ni haushi. Sai na riƙa ɗauko kujera da kwamfuta bayan la'asar in zauna a wajen rumfar Kawu, shi ciki ni waje, kowa da takunkuminsa. Jirage sun ragu ƙwarai, sama ta yi tsit. Kowa a Doha ya rame da damuwa, wani kan aikinsa, wani kan iyalinsa. Kawu kaɗai na ga ya yi kumatu.

Na ce masa, "Kawu, kai fa annobar nan ta karɓe ka."

Ya ce, "Dakta, ka taɓa jin mutum ya yi kuka don an rufe abin da ba ya so?"

A ranar ya ba ni labari. Sau ɗaya tak ya taɓa hawa jirgi a duniya, ranar da ya baro Kano ya bar matarsa da ƙaramin ciki. Ya ce da jirgin ya ɗaga hanci sai ya ji hanjinsa sun tsaya a Kano shi ya tafi. An ajiye shi daidai fiffike, yana kallon injin ta taga, yana ganin fiffiken na rawa. Ya karanta duk abin da ya sani, har da addu'ar shiga kasuwa. Ya riƙe hannun wani bawan Allah da bai taɓa gani ba, bai sake shi ba sai da mutumin ya roƙe shi zai ci abinci. Da ƙafarsa ta taka ƙasa a Doha ya ɗauki alkawari tsakaninsa da ransa cewa shi da jirgi sai dai kallo. Hutunsa na farko ya zo ya wuce, ya ce wa kamfani ba ya buƙata. Yarinyar da aka haifa masa ta yi wayo, ta fara magana, bai taɓa ɗaukar ta ba.

Na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Ga mutum ƙato, mai gemu, wanda aka ba wa kakin tsaro da bel mai faɗi don ya tsare mu. Amma da na koma ɗaki abin ya tsaya mini a rai, domin ni ma ina da uba, kuma na san ƙamshin rigarsa.

To, abin da nake bincike a kai shi ne ya ƙara dagula lamarin. Karatuna na harkar sufuri ne, kuma tambayar da na ɗauko ita ce ko wani ƙaramin jirgin fasinja da China ta ƙera zai dace da hanyoyinmu na Yammacin Afirka, inda mutum zai so zuwa garin maƙwabta a jirgi sai an zagaya da shi rabin nahiya. Wata rana Kawu ya leƙo ta gilashi ya ga hoton jirgin a kwamfutata. Ya tambayi na ina ne. Na ce na China. Ya ja kujerarsa baya kamar hoton zai faɗo masa.

Kafin ya zo Doha caja da batir yake sayarwa a kasuwar waya a Kano, saboda haka a wajensa maganar kayan China fanni ne da ya ƙware a kai.

Ya ce, "Na ɗaya ne ko na biyu?"

Na ce, "Jirgi ne fa, Kawu, ba caja ba."

Ya ce, "Shi ya sa nake tambaya. Caja ɗan China in ya lalace sai ka yar ka sayi wani. Wannan in ya lalace, a wace tasha za ka tsaya?"

Ni akwai ni da saurin hawa in aka yi wa ilimi karan tsaye. Na gyara zama na shiga karanta masa abin da ko malamina bai nema ba. Na ce an fi shekara goma ana fama da jirgin nan kafin a yarda ya ɗauki fasinja ko ɗaya. An kai shi ƙasashen ƙanƙara an gwada, an kai shi inda iska ke bugowa ta gefe, an sauke shi a filayen da ke kan tsaunuka inda numfashi ke wuya. Na ce injinansa ma daga Amurka ake sayo su. Yana jin haka ya ɗaga yatsa.

"Wato kwalin China, batirin Amurka. Ai mun san irinsu. Su ne na ɗaya."

Daga ranar jirgin ya samu shiga. Kullum sai ya tambaye ni wani abu. Na nuna masa cewa injinan biyu ba a ƙarƙashin fiffike suke ba, can baya suke a manne kusa da wutsiya. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai, ya ce mai hankali ne ya tsara shi, domin abin da ido bai gani ba zuciya ba ta tsalle a kansa. Na ce kujerun biyu ne a gefe ɗaya, uku a ɗayan. Nan take ya zaɓi gefen biyu, ta wajen hanya, ya ce ko hannu zai riƙe mutum ɗaya kawai zai dama. Na ce fasinjansa ba su wuce tamanin zuwa casa'in ba. Ya yi lissafi ya ce ashe bai fi motar safa ɗaya da rabi ba, ana iya sanin sunan kowa kafin a isa. Sannan ya tambaye ni dalilin da ya sa aka yi shi ƙarami haka, ko kuɗin ne bai isa ba.

Na rasa yadda zan ce da Hausa, sai na ari maganar masu labaran rediyo. Na ce, "Jirgi ne mai cin gajeren zango."

Na ga ya ajiye kofin shayi. Ya ce in maimaita, na maimaita.

Abin da nake nufi shi ne man da tankinsa ke ɗauka ba ya kai shi nesa kamar manyan jirage. Abin da Kawu ya ji daban ne. A wajensa zango wuri ne da ayari ke sauke kaya, a shayar da dabbobi, a dafa abinci, a miƙe ƙafa. Kakansa da ƙafa ya je Makka, zango bayan zango, ya yi noma a wani gari, ya yi ɗinki a wani, ya dawo bayan shekaru da haƙoran Makka da labarai. Sai Kawu ya fahimci cewa a ƙarshe an samu jirgi mai tarbiyya, wanda zai ɗan tashi, ya ɗan yi tafiya, ya sauka a yi salla a sha shayi, sannan a ci gaba. Na ce masa shi ma fa yana hawa sama sosai, kusan inda manya ke kaiwa. Bai ji wannan ba. Ya ce in buɗo masa taswira.

Da yatsansa a kan gilashin kwamfutata ya shata hanyar. Daga Doha zuwa Jidda, a nan ma sai ya yi umra tunda an zo. Daga Jidda a tsallake ruwa zuwa Hartum. Daga Hartum zuwa Njamena. Daga Njamena kuwa ai an zo gida, ko da ƙafa mutum ya ƙarasa. Hanyar kakansa ce ya juyo da ita.

Ya ce, "Zai iya?"

Na duba nisan kowane zango. Gaskiya ita ce zai iya, babu wanda ya fi ƙarfinsa a ciki. Na ce zai iya, amma.

Ya ce, "Halas, magana ta ƙare."

Na ce, "Ban gama ba. Jirgin nan ko ɗaya babu mai jigila a wajen China. Babu wanda zai ɗauke ka daga nan."

Ya kalle ni da tausayi, irin kallon da Bakano ke yi wa ɗan boko. Ya ce, "Dakta, wane kaya ne na China bai zo Kano ba?"

Shi ke nan, Kawu ya samu abin faɗa. Duk wanda ya tambaye shi yaushe za shi gida, sai ya ce sai ɗan China ya zo. Direbobi 'yan ƙasarmu da ke zuwa daga unguwar Al Asmakh ranar Juma'a su sha shayi a wajensa suka ɗauki maganar, har ta zama karin magana a tsakaninmu. In aka tambayi wani gwauro yaushe zai yi aure, sai ya ce sai ɗan China ya zo. Kawu yana jin su yana murmushi, ya ce su yi ta dariya, sannu ba ta hana zuwa. Ni ne nake ƙarasa masa, in ce sai dai a daɗe ba a je ba.

Yarinyar kuwa tana girma a cikin waya. Kullum da yamma zai jingina wayar a jikin filas, uwar ta kira ta bidiyo. Tana kiransa Abba. Tun tana rarrafe ake nuna mata wayar a ce ga Abba, to ita ma ta riƙe haka. In za ta ci abinci sai ta sa a ajiye wayar kusa da kwano, ta ɗebo ta miƙa wa gilashin. In an yi mata kitso sai ta sunkuyar da kai ta nuna masa. In maƙwabta suka tambaye ta ina Abbanki, ta kan nuna soket ta ce yana caji. Duk muka yi ta dariyar wannan, har da shi, yana maimaita wa kowa kamar ta ci gasar karatu.

Matarsa mace ce mai sanyin murya, amma maganarta ba ta faɗuwa ƙasa banza. Mun saba gaisawa in na zo wucewa yana waya. Bayan an buɗe hanyoyi, an yi wa kowa allura, ɗalibai sun fara zuwa gida suna dawowa da kilishi, sai wata rana ta ce a ba ta ni.

Ta ce, "Dakta, ina karatu? Wai yaushe jirgin nan naku zai zo?"

Na fara kame-kame, ina maganar lasisi da yarjejeniyar ƙasashe. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Allah ya kawo shi lafiya. Ni dai na san ba jirgi ake jira ba."

Kawu ya karɓi wayar ya shiga ba ta labarin killace matafiya a otal, da yadda in ya fita ba lallai kafil, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya bari ya dawo ba. Da wannan uzurin ya tsufa sai Allah ya kawo masa wani, na gaskiya kuma: gasar cin kofin duniya ta matso, kamfani ya ce babu mai gadin da zai motsa sai an gama. Ranar da aka sanar na gan shi yana raba wa mutane dabino.

Filin wasan unguwarmu, wanda aka gina kamar farar hular saƙa, yana nan muna hango shi daga ƙofar gida. Da gasar ta kankama aka riƙa ɗauke Kawu da rana ana kai shi can ya tsare ƙofar wajen ajiye motoci. Sama kuwa ta cika maƙil. Jirage suka yi layi, wannan na sauka wancan na tashi, wasu daga garuruwan maƙwabta suke kawo 'yan kallo da safe su mayar da su bayan wasa. Leɓɓan Kawu suka gaji, ya ce ya koma yin addu'a ɗaya da asuba ta wadatar da duka.

Wata rana ya dawo yana ba ni labarin wata tsohuwa 'yar Maroko da aka turo a keken guragu, an zana mata tuta a kumatu, babu haƙori ko ɗaya a bakinta. Ya taimaka aka haurar da ita wani tudu, jikanta ya gaya masa da Larabcin da suka haɗa-haɗa cewa jiya ta sauka, kuma wannan ne hawanta jirgi na farko.

Ya ce, "Don ƙwallo fa, Dakta. Ba hajji ba, ba asibiti ba."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Na buɗe baki zan tsokane shi, na ga ya juya yana goge gilashin rumfa da babu ƙura a jikinsa, sai na bari.

Ana saura 'yan kwanaki a gama gasar na sauko da yamma na tarar da shi zaune, filas a rufe, waya a kan cinya. Bai ce mini Dakta ba. Ya miƙo mini wayar ya ce in saurara. Saƙon murya ne daga matarsa.

An ɗauke musu wuta kwana biyu, wayarta ta mutu. A makarantar da aka sa yarinyar akwai sabuwar malama da ba ta san gidan ba. Ta ga yarinya ta yi shiru ba ta wasa, ta tambaye ta me ya faru. Yarinya ta ce, "Abbana ne ya mutu." Malama ta rungume ta, ta tambayi tun yaushe, ta ce tun jiya. Da aka tashi sai malamar ta ɗebo abokan aikinta biyu, suka zumbula hijabai, suka rako yarinya gida. Suka yi sallama da murya ƙasa-ƙasa, suka zauna a tsakar gida suka ce, "Ya haƙuri?" Matar Kawu ta amsa, don ba a barin gaisuwa a ƙasa, tana ta lissafin wa ya rasu a dangi ba a gaya mata ba. Sai da suka ce Allah ya raya abin da ya bari, ya sa can ta fi masa nan, sannan ta gane.

A farkon saƙon tana dariya har muryarta na sarƙewa. Ta ce, "Sun yi maka addu'a mai kyau kuwa. Na ce kada su ji kunya, ba ta ɓaci ba, za ta yi amfani wata rana." Ana jin kaji a bayanta. Da ta ci gaba babu dariya. Ta ce, "Abban yarinya, yau na karɓi gaisuwar mutuwarka. Da suka tafi na zauna na duba gidan, in ga me zai canza in da gaske ne. Ban ga komai ba. Wannan ne ya ba ni tsoro."

Ni ma na yi dariya a farkon, har na dafa rumfa. A ƙarshen kuwa raina ne ya ɓaci, kuma da shi nake. Na jawo kujera na zauna a gabansa.

Na ce, "Kawu, tsakaninka da Allah, mene ne ya fi ba ka tsoro a jirgi? Zaman da ake yi a sama, ko me?"

Ya ce, "A'a, in an daidaita a sama da sauƙi, har ruwa na sha. Tashin nan ne. Da kuma saukar, lokacin da yake ta zamewa ƙasa kamar an kwance shi."

Na ce, "Hanyar kakanka zango nawa ce?"

Ya ce huɗu.

Na ce, "To tashi nawa ke nan, sauka nawa?"

Ya fara lanƙwasa yatsu. Bai kai ƙarshe ba ya tsaya. Komai za a ce da Bakano ba za a ce bai iya lissafi ba.

Ya ce, "Wato shekara biyu ina jiran in sayi tsoro sari, alhali ana sayar da shi ɗai-ɗai."

Na ce, "Ina ta gaya maka, kana kallon taswira."

Ya ce, "Kai ma Bazazzagi ne, ba ka iya talla ba. Da tun farko ka ce mini ɗaya ya fi huɗu araha, da yanzu na je na dawo."

Bai ce zai tafi ba a ranar. Jirgin da kansa ne ya ƙarasa aikin. A makon wasan ƙarshe labari ya fito cewa an miƙa na farko da zai yi aiki a wajen China, kuma Indonesiya aka kai shi. Na sauko da gudu na nuna masa. Ya ce in buɗo taswira. Ya ɗora yatsa ɗaya a kan Doha, ya nemo Kano da na hagu, ya nemo Indonesiya da na dama, ya ga hannayensa sun yi hannun riga.

Ya ce, "Ya fito kam. Amma shi ma ci-rani ya tafi." Ya rufe mini kwamfutar da kansa. "Gobe zan ga sufabaiza."

Ni na zaɓa masa kujera, ta wajen hanya, can gaba inda ba zai ga fiffike ba. Sai dai akwai abin da ban iya gyarawa ba: jirgin Kano yana fara sauka a Abuja ya sauke wasu, sannan ya sake tashi. Da na gaya masa ya ce ai ka ji, ko manyan ma suna yada zango. Amma ya rantse a Abuja zai sauka ya hau mota, tashi ɗaya ya yi ciniki ba biyu ba. Saboda haka ya aika tsarabarsa ta jirgin kaya, ya riƙe 'yar jakar hannu kawai.

Na raka shi a jirgin ƙasa har filin jirgi. Ya sa farar shadda da hula, ya fesa turare kamar ango. Tun daga tashar farko leɓɓansa suke motsi. A inda ake rabuwa da masu rakiya ya kama hannuna, ya matse shi, nan na fahimci abin da bawan Allahn nan na jirgin farko ya sha. Tausayinsa ya kama ni sosai, amma na san in na nuna masa zai iya juyawa.

Na ce, "Kawu, in ka fasa, har Zariya sai an ji."

Ya saki hannuna ya ce, "Yalla, tafi ka yi karatu."

Kwana biyu ban ji daga gare shi ba, na kasa rubuta ko layi. A na uku saƙon murya ya shigo, dogo, ana jin kajin nan a bayansa.

Ya ce tashin yana nan yadda ya bar shi, ba a gyara komai ba. Wani ɗan kasuwa Ba'indiye ne ya ba da hannu wannan karon. Da suka sauka a Abuja ya ɗauki jakarsa ya miƙe, har ya kai bakin ƙofa. Sai ya tambayi ma'aikaciyar jirgin nawa ne daga nan zuwa Kano, ta ce bai kai awa ɗaya ba. Ya yi lissafin mota, ya ga kafin ya isa yarinya ta yi barci, sai gobe ke nan. Ya koma ya zauna ya ɗaura bel da kansa. Ya ce, "Dakta, ga gajeren zangonka nan na ci. In ɗan China ya zo ka gaishe shi, ka ce na gode, na riga shi."

Sai muryarsa ta sauka. Ya ce da ya shiga gida yarinyar ta kalle shi sau ɗaya ta ruga ɗaki ta ɓuya a bayan ƙofa. Aka yi lallashi, aka nuna mata 'yar tsana, aka ce ga Abba, ta ƙi fitowa. Ya zauna a kan tabarma a tsakar gida da shaddarsa da turarensa, bai san abin da zai yi da hannayensa ba. Uwar ce ta ce ya kira. Ya ciro wayarsa ya kira ta bidiyo, uwar ta miƙa mata tata a bayan ƙofa.

Yarinya ta karɓa da murna, ta rage murya ta ce, "Abba, wani mutum ya zo gidanmu, ya zauna a tabarmar Umma."

Ya ce mata, "Je ki kai masa wayar, ina so in yi masa magana."

Ta fito a hankali, waya a gaba kamar fitila. Yana ta yi mata magana, tana jin muryar daga hannunta tana kuma jin ta daga tabarma. Ta tsaya a tsakiyar gida. Ta kalli gilashi, ta kalli mutum, ta sake kallon gilashi. Sai ta sa babban yatsa a maɓallin gefe ta danne, yadda ta ga uwarta na yi, ba ta saki ba har wayar ta yi baƙi. Ta ɗago ta zuba masa ido, tana jira.

Ya ce, "Ina nan."

Ta juya wajen uwarta ta ce, "Umma, wannan bai mutu ba."